An jefa ni fiziks, in canza kwas ko in zauna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Injiniyan lantarki na cike a JAMB sai aka jefa ni fiziks, yanzu ina aji ɗaya samista ta biyu. A gida kullum ana ce min in na gama sai dai koyarwa, Baba ma cewa yake in sake zana JAMB. In nemi canjin kwas ne ko in zauna? In kuma na zauna ya zan tsara shekarun nan huɗu?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar canji, ya kuke da lissafi? Ba wai ko kana ci ba, a'a, in ka zauna da tambayar kalkulas ɗaya ta ƙi fita har awa guda, haushi kake ji ka rufe littafin ko kuwa ƙara nacewa kake? In ƙara nacewa kake to zauna abinka. In kuwa ganin alamar intigireshan ma gabanka faɗuwa yake, ka sani injiniyan lantarkin da kake hange shi ma lissafin ne zai tare ka a bakin ƙofa, canji ba zai raba ka da shi ba.

Ko ma dai wanne ka zaɓa maganin ɗaya ne, makin aji ɗaya. Canjin kwas yawanci sai an gama shekarar farko ake nema kuma CGPA, wato matsakaicin makinka gaba ɗaya, ake dubawa, ga guraben injiniya ba yawa. Yaran da suka yi fushi suka ƙi karatu wai ai ba kwas ɗinsu ba ne, su ne ke rasa duka biyun. Duba lissafin da kanka, a ma'aunin 5.00 babbar daraja ta biyu daga 3.50 take farawa, ta ɗaya daga 4.50. In ka gama aji ɗaya da 2.00, kuma a ce nauyin kwasa-kwasan kowace shekara ɗaya ne, sai ka riƙa kawo 4.00 shekara uku a jere kafin ka taɓo 3.50 ɗin, alhali aji ɗaya shi ne mafi sauƙi don rabinsa maimaicin sakandare ne. Ni kaina a aji biyu na kwaso kariyoba a wani kwas na lissafi saboda na raina shi na ce ai ni ɗan fiziks ne, wallahi sai a aji uku na gane kurena, ranar da aka zuba mana lissafin Maxwell na lantarki da maganaɗisu a allo ina ta kwafa kamar mai zana hatimi ban san me nake rubutawa ba. Don haka aji biyu ka ba lissafi haƙƙinsa, ka kuma fara koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ko da a waya ne, kar ka jira sai jami'a ta koya maka.

Aji uku ne wurin zaɓar layi, kuma SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai ma'aikatu su yi, ita ce ke buɗe shi, kar ka kai takardarka ofishin kawunka inda za a sa maka hannu kana kwance a gida. In binciken ƙarƙashin ƙasa ya burge ka bi masu aunin ruwa kafin a haƙa burtsatse. Za ka ga an kafa sandunan ƙarfe huɗu a layi, biyun waje su tura lantarki cikin ƙasa, biyun ciki su auna, ana ƙara nisan na wajen ana rubuta lambobi cikin rana har a gano inda dutse ya rube ko ya tsage ya riƙe ruwa. Dokar Ohm ɗin nan ce da ka haddace a sakandare, da ita mutane ke cin abinci, kuma layin ne ke kaiwa har aikin neman mai irin na Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe. In nukiliya ce, cibiyar CERT ta ABU Zariya tana da ƙaramin riyakta na bincike da ya fara aiki a 2004. Akwai fiziks na asibiti, masu lissafa adadin hasken da za a gasa ciwon daji da shi, sai dai wannan sai da mastas. Akwai sola, akwai hasashen yanayi a NiMet, akwai NASRDA ta sararin samaniya. Furojet ɗinka na aji huɗu ya fito daga layin da ka bi, kar ka sayi na wani.

Gaskiya ɗaya da 'yan gidanku suka faɗa, digirin fiziks shi kaɗai ba kasafai yake kai mutum ofis kai tsaye ba, sai an ɗora masa wani abu, mastas ko sana'ar hannu. In makinka ya yi kyau, cibiyar binciken fiziks ta ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da difiloma ta shekara ɗaya don ɗaliban ƙasashe masu tasowa, cibiyar kimiyyar lissafi ta AIMS ma tana ba da mastas kyauta a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda da Afirka ta Kudu. Dukkansu suna neman wasiƙar shaida daga malamanka, to tun yanzu ka bari wani lakcara ya san fuskarka da sunanka.

Batun Baba kuwa, kar ka yi masa musu ta waya. JAMB ɗin in yana so ka sake ba ta hana ka shiga lakca ba, amma kar ka saki gurbin da ke hannunka sai wani ya tabbata. In an yi hutu ka kai masa sakamakon samista biyun a takarda ku duba tare.