Tambaya da Amsa: Zan iya haɗa tankin kaɗaici a gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ga hoton wani tanki da ake cikawa da ruwan gishiri, mutum ya shiga ya kwanta cikin duhu, ba ji ba gani, ruwan ya riƙe shi a sama. An ce yana sauke gajiya da damuwa. Ni kafinta ne, kuma ina da ɗakin da ba kowa a ciki. Zan iya haɗa nawa? Me zan tanada, kuma yaya ake amfani da shi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ka iya. Sai dai akwatin da kake ganin shi ne jan aiki, a wurin kafinta irinka abin kwana biyu ne. Ruwan da za ka zuba ciki ne zai sha maka kai.

Wani likita ɗan Amurka, John C. Lilly, shi ya ƙirƙiro wannan tanki a 1954, lokacin yana aiki a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin ƙasar. So yake ya gano ko ƙwaƙwalwa za ta yi barci ne idan aka yanke mata haske da sauti da taɓi, ko kuwa za ta ci gaba da harkarta. A tankinsa na farko nutsewa ake yi gaba ɗaya, da abin shaƙar iska a fuska. Sai a farkon shekarun 1970 Glenn Perry ya fara ƙera irin wanda ake kwanciya a kan ruwan gishiri yana sayarwa, irin wanda ka gani a hoto ke nan.

Tsawo mita 2.4 da faɗi mita 1.2 sun ishe ka, don ka miƙe ba ka bugi bango ba. Ka yi shi da katako mai kauri, ka bi cikinsa da soso mai riƙe zafi, sannan ka shimfiɗa leda mai kauri irin ta tafkin kiwon kifi, falle ɗaya, ba haɗi. Rufin ka ɗan karkata shi. Tururi na taruwa a sama, kuma ɗigo ɗaya mai sanyi a goshi cikin duhu ya isa ya ɓata maka zaman.

Zurfin ruwan santimita 25 ne kawai. Abin da ke ɗaga mutum gishiri ne, kuma ba gishirin girki ba, gishirin Epsom, wanda ya samo sunansa daga wani gari a Ingila. Ana so nauyin ruwan ya kai kimanin ninki 1.25 na nauyin ruwa zalla, kusan daidai da Tekun Gishiri da ke tsakanin Jodan da Isra'ila. A tanki mai wannan girma, lissafin ya kama wajen kilo 400 na gishiri cikin lita 500 na ruwa. Ka haɗa su, kilo 900 ke nan, ban da katako, ban da kai. Saboda haka ɗakin ya zama na ƙasa mai daɓen siminti. Idan bene ne, sai injiniyan gini ya duba. Kada ka juye gishirin lokaci guda. Yana sanyaya ruwa yayin da yake narkewa, don haka a ruwan ɗumi za ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kana motsawa, ko da zai ɗauki kwanaki.

Zafin ruwan tsakanin digiri 34 da 35 ake ajiye shi, daidai da ɗumin fata, don can cikin zaman ka kasa gane inda jikinka ya ƙare ruwa ya fara. Ya sauka kaɗan, sanyi ya dame ka. Ya hau kaɗan, gumi. Kuma ba a kashe hita a ce sai ranar shiga. Ruwan ya huce sosai, gishirin zai daskare cikin bututu ya toshe injin zagaya ruwa. Ka tambayi kanka tun yanzu ko kana da wutar da za ta riƙe shi dare da rana.

A kan wuta kuwa ba na sassautawa. Ruwan gishiri ya fi ruwa zalla ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba, kai kuma kana kwance tsirara a cikinsa. Hitar ta zama mai shimfiɗa wadda ake sawa ƙarƙashin leda, da na'urar daidaita zafi. Hitar nan ta dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti, ko da wasa kada ta kusanci tankin. Ka kira ƙwararren mai aikin lantarki ya sa maka RCD, na'urar da ke yanke wuta nan take da zarar ta fara zurarewa, kuma duk soket ya yi nesa da inda ruwa zai fantsama. Ni dai shawarata, ka kashe komai kafin ka shiga. Idan soson ya yi kyau, ruwan zai riƙe ɗuminsa na awa guda.

Sai iska. Akwatin da aka like ruf yana tara iskar da ka fitar, ka fito da ciwon kai, ko abin ya fi haka muni. Ka bar kafa biyu, ɗaya ƙasa-ƙasa ɗaya sama, ka lanƙwasa bututunsu don iska ta wuce haske bai shiga ba. Ƙofar ta zama marar nauyi, ba sakata, ba makulli, turawa kawai ta buɗe. Ɗakin ne za ka kulle idan ba kowa ciki, saboda yara.

Mutane na cewa gishiri ya kashe komai. Ba haka ba ne, akwai ƙwayoyin cutar da ke jure masa na ɗan lokaci. Wannan ruwan wata da watanni za ka yi amfani da shi, don haka yana buƙatar injin zagaya ruwa da matata mai kyau, da abin kashe ƙwayoyin cuta, wato fitilar UV ko sinadarin haidurojin feroksaid, a tace shi bayan kowace shiga. Wanka kafin shiga, wanka bayan fita.

Ranar farko, kada ka yi aski, kuma ka shafa basilin a duk wata 'yar ƙujewa, don gishirin sai ya nemo ta. Ka toshe kunnuwa, ka rataye tawul da gorar ruwa mai daɗi inda hannunka zai kai a duhu. Da hanci ya yi ƙaiƙayi za ka kai jiƙaƙƙen hannu fuska, ruwan ya gangara ido, kuma raɗaɗin ba a magana. Ni abin da ya fi ba ni mamaki wuyana ne. Ya ƙi yarda ruwa zai riƙe kaina, na yi ta ɗaga shi ban sani ba, sai da na harɗe hannuwa a ƙeya ya saki. Daga nan ba abin da nake ji sai bugun zuciyata da ƙarar haɗiyar yawu. Awa ɗaya ta isa, ka fara da ƙofa a buɗe, kuma wani ya san kana ciki.

Batun damuwa da ka ji, akwai ƙamshin gaskiya. A 2018 Justin Feinstein da abokan aikinsa a Tulsa ta jihar Oklahoma a Amurka sun gwada mutum 50 masu fama da fargaba, suka ga ta ragu bayan zaman awa ɗaya. Amma gwajin ƙarami ne, kuma sauƙin ɗan lokaci ya auna, don haka kada wani ya ajiye maganinsa saboda tanki. Mai farfaɗiya, mai ciwon ƙoda, mai buɗaɗɗen rauni ko ciwon kunne, da wanda jininsa ke yawan sauka, su ga likita tukuna. Wanda ya sha maganin barci ko wani abin maye, kada ya shiga sam.

Kafin ka yanka katako ko ɗaya, in akwai inda ake biya a shiga irin wannan tanki, je ka gwada. Wasu minti goma suke yi su ce a buɗe musu, gara ka san ko kana cikinsu tun ba ka tara buhunan gishiri a ɗaki ba.