Saura wata uku bikina, in sha "sha-ka-fashe"?

Tambaya: Likita, ni siririya ce tun ina yarinya. Dangin wanda zan aura har "sillen kara" suke ce min, yanzu ko taron biki kunyar shiga nake ji. Ƙawata ta ce in sayi sha-ka-fashe in cika kafin ranar. Me kika gani?

Amsa: Ƙanwata, don Allah kada ki sha. Abin da ake sayarwa da wannan suna yawanci dexamethasone ne, wani lokaci a haɗa shi da cyproheptadine mai buɗe ciki da sa barci. Dexamethasone magani ne mai ƙarfi da muke ba masu asma da kumburi, shi ne ma aka gano a 2020 yana rage mutuwar masu korona da ciwon ya kwantar. Amma ƙibar da yake kawowa ba ita kike nema ba. Ruwa yake tarawa a jiki, kitse ya taru a fuska da ƙeya da tumbi, hannuwa da cinyoyi kuwa su ƙara tsukewa, domin tsoka yake ci. Na sha ganin amare fuska ta yi suntum kamar an hura, ciki duk jar nankarwa, al'ada ta rikice. Idan aka daɗe ana sha, sai ciwon sukari da hawan jini, wasu har ƙashin kwatangwalo ya lalace tafiya ta gagara.

Wadda ta riga ta yi makonni tana sha, kada ta yanke lokaci guda. Jiki da kansa yana yin wani sinadari irin na maganin, amma shan maganin ya sa nata jikin ya rage yin sa, don haka jini zai iya faɗuwa ta suma. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali.

Ke kuma ki je a auna nauyinki da tsayinki. In ma'aunin BMI, wato lissafin da ke gwada nauyi da tsayi, ya kai 18.5, ramarki halitta ce, ba ciwo ba. In kuwa kwanan nan kika fara zubewa, a duba tarin fuka da sukari da maƙoƙo.

Maganar dangin miji ta yi min zafi, kuma na san ciwon da irin wannan suna ke bari a zuciyar budurwa. Shi mai auren a haka ya gan ki ya kai kuɗin gaisuwa. Ki gaya masa ya ja kunnen 'yan uwansa tun kafin ki tare. In kina son ƙarin jiki don kanki, ga kunun gyaɗa, fura da nono, wake, ƙwai da dabino, ki riƙa ci sau huɗu ko biyar a rana.