Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Kamata a Saya Kafin Ambaliya?

Tambaya: Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, gidanmu yana cikin kwari, kuma tun da aka yi hasashen ruwa mai yawa barci ya ƙaurace mini. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Da me zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, domin yawancin abin da kike buƙata yana cikin gidanki. Ki fara da ruwan sha, kimanin lita 4 ga kowane mutum a rana, na kwana 3 aƙalla, cikin jarkoki masu murfi da za ki ɗora a wuri mai bisa. Ruwan ambaliya yakan gauraya da na masai da na magudana, shi ya sa kwalara da taifod suke biyo bayansa, saboda haka idan ajiyarki ta ƙare, kada a sha kowane ruwa sai ya yi minti 1 yana tafasa sosai. Takardun haihuwa da na makaranta da na gida ki ɗaure su a leda mai kauri, ki ɗauki hotonsu a waya, ki haɗa su jaka ɗaya da magungunan da wani a gidan yake sha kullum. Manyan gida su san inda ake kashe wutar lantarki gaba ɗaya, su kashe ta tun ruwa bai shigo ba, don wanda yake tsaye cikin ruwa bai kamata ya taɓa makunni ba. Yara kuma a nuna musu tudun da za a haɗu idan aka rabu.

Tambaya: Buhunan yashi suna hana ruwa shiga gida?

Amsa: Suna ragewa ne kawai, Malam. Ka cika kowane buhu rabi ko ɗan fiye da haka, ka shimfiɗa leda, ka jera su kamar ginin bulo a bakin ƙofa, sannan ka tuna cewa ruwa yana iya ɓullowa ta magudanar banɗaki.

Tambaya: Na ga tallan jakar gaggawa mai arha, a cikinta akwai tocilar da aka ce ruwa ba ya shigarta da fawa-banki mai mAh 50,000 (mAh ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka ne). In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Da zarar mutane sun tsorata, sai masu jabu su fito da kaya cikin jaka mai kyalli, sun kuwa san ba wanda zai gwada kayan sai daren da wuta ta ɗauke, ruwa yana bakin gado. Fawa-banki na gaskiya mai mAh 10,000 yana da nauyin gram 200 ko kusa da haka, to wanda aka rubuta wa 50,000 alhali bai fi wayarka nauyi ba, ƙarya ce aka buga a jikinsa. Game da tocila, maganar mai talla ba hujja ba ce, lambar da ke jikinta za ka duba: IPX4 tana nufin tana jure fantsamar ruwa kawai, IPX7 kuwa tana jure nutsewa har zurfin mita 1 na tsawon minti 30. Ita ma lambar ana buga ta ƙarya, don haka ka saya a hannun wanda zai ba ka rasit, ka tsoma tocilar a bokiti ranar da ka kawo ta gida. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne magidancin da zai kashe kuɗi kan jaka mai tarkace iri-iri da bai san amfaninsu ba, alhali ko lita ɗaya ta ruwan sha bai ajiye wa iyalinsa ba. Ka bar jakar nan, ka sayi tocila ɗaya mai inganci da batura na ajiya da ƙaramar rediyo mai batir, wadda za ta ba ka labari ko da layin waya ya katse.

Tambaya: Wace mota mai tsayi zan saya domin in riƙa ratsa ruwa?

Amsa: Haba Malam, wannan ai tambayar ganganci ce. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana ɗaukar ƙaramar mota, mai 60 kuma yana tafiya da manya har da irin wadda kake sha'awa. Ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinsa, wataƙila ma kwaltar ta riga ta zaizaye. Idan ka tarar da ruwa ya rufe hanya, ka juya da motar da kake da ita, ka nemi tudu ka jira ya janye.