Me ya sa gajimaren da ke gefen tauraron Rigel ya ƙi fitowa a hotona?

Tambaya: Ina ɗaukar hoton sararin samaniya da kyamara da na'urar bin taurari. Filtar da nake sawa tana fito mini da jan gajimaren Orion (hazon iska da ke can tsakanin taurari) sarai ko da a cikin gari nake. Amma da na juya kan gajimaren IC 2118 da ke kusa da Rigel, ban samu komai ba sai duhu da ƙyallin tauraron. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, filtar ce matsalar, cire ta. Gajimaren Orion iskar haidurojin ce wadda hasken taurarin cikinta ke sa ta fitar da nata hasken, mafi yawansa ja mai tsawon zango na nanomita 656, kuma shi filtarka ke bari ya wuce. IC 2118 kuwa ƙura ce, haskenta aro ne daga Rigel, wani ƙaton tauraro mai launin shuɗi da fari da ke nisan kimanin shekarun haske 860, wanda ya fi ranarmu haske sau dubun dubata. Hasken aro yana ɗauke da dukkan launuka, don haka filtar ta tare kusan duka. Shuɗin da ake gani a hotunansa kuma, ƙananan ƙwayoyin ƙurar ne ke watsa shuɗin haske fiye da ja. Irin wannan aron haske ba sabon abu ba ne: tun 1912 masanin taurari Vesto Slipher ya gano cewa hazon da ke kewaye da taurarin Kaza da 'Ya'yanta hasken taurarin ne yake dawowa.

Tunda babu filtar da za ta raba wannan haske da fitilun gari, dole ka fita inda duhu yake sosai, a daren da babu wata, tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da rukunin taurarin Orion, wanda Rigel ke cikinsa, ke can sama. A ganina wannan ya fi duk wani kayan aiki da za ka saya muhimmanci.

Gajimaren yana da faɗi, tsawonsa ya kai digiri 3 a sararin sama, saboda haka gilashin kyamara (lens) na milimita 135 zuwa 200 ya wadatar. Ɗauki hotunan RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba) na minti ɗaya zuwa biyu kowanne har su kai jimlar awa uku ko fiye, ka haɗe su su zama hoto ɗaya da manhajar Siril ko DeepSkyStacker. A hoto guda da ƙyar za ka ga alamarsa, kada hakan ya karya maka gwiwa.

Shi kuma Rigel, kada ka bar shi dab da gefen hoton daga waje, nan ne haskensa ke kutsowa ya zana layuka. Ko dai ka shigo da shi ciki sosai ka ɗan rage buɗin gilashin, ko ka nisanta shi.

In watan Yuni ya zo, gwada Antares. Jan ƙaton tauraro ne, ƙurar da ke kewaye da shi rawaya take fitowa, ga kuma shuɗin gajimaren Rho Ophiuchi a gefensa cikin hoto ɗaya, kuma ya fi IC 2118 sauƙin kamawa.