Amsa ga 'yar uwar da ke tambaya kan ramar maigidanta

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce maigidanki na fama da ciwon hanta, nauyinsa bai ragu ba, har ƙaruwa ya yi, amma likita ya ce tsokarsa na zaizayewa, ya rubuta hoton CT (hoton da na'ura ke ɗauka na cikin jiki), kina tambaya ko dole ne tunda kuɗin da yawa. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don ta nan muka biyo da Baban yara.

Ki rabu da sikelin nan, ruwan ciki da na ƙafafu yake auna miki. Damtsensa za ki duba, da cinyoyinsa, da gefen goshinsa inda ya lotsa.

Mu wani mai magani ne ya cuce mu, dangin miji suka ɗauko shi daga wajen gari. Ya hana nama, ya hana ƙwai, wake, nono, har ƙosai. Sai kunu da rake da wani jiƙo mai ɗaci. Na yi magana aka ce boko ya yi mini yawa. Mutumin da ke saɓa buhun gero shi kaɗai ya koma sai an kama shi yake tashi daga tabarma. Ranar da abin ya ƙazanta, cikin dare ya miƙe yana laluben ƙofa a jikin bango, hannu na karkarwa, ya kalli 'yarsa ta fari ya ce 'yar gidan wa ce wannan. Yarinyar nan ta fashe da kuka. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce iska, aka cika ɗaki da hayaƙi. Aka kira mai maganin, wai ciwon ne ke fita, a ƙaro kuɗin jarka ta biyu. Har gobe in na ji lasifikarsa a kasuwa raina ɓaci yake. Allah ya isa, ban yafe ba.

A asibiti aka yi mana bayani: in hanta ta ƙandare ba ta iya tace amoniya, wata guba da ke taruwa a jini, tsoka ce ke taya ta. Tsoka ta tafi, guba ta hau kai, shi ne ruɗewar nan. Kuma mutum biyu za su zo da makin MELD (makin da likitoci ke auna tsananin ciwon hanta da shi) iri ɗaya, amma wanda tsokarsa ta ƙare ya fi saurin kamuwa da cuta, ya fi daɗewa a gadon asibiti, hatsarin rasa rai ma ya fi a kansa. Ba don in tsorata ki ba, dalilin awon ke nan.

A hoton, daidai ƙashin ƙugu na uku da suke kira L3 ake auna faɗin tsoka a gwada da tsayin mutum. In sakamakon ya yi ƙasa da 50 ga namiji, ko 39 ga mace, an ce ta yi ƙaranci. In an taɓa yi masa CT na ciki kwanan nan, ki kai shi, ana iya aunawa daga nan. Amma ki tambayi likita ko akwai wani abin da yake nema a hantar kanta. In akwai, ko bashi ne ki ci a yi. In tsokar ce kawai kuma babu hali, akwai awon damtse da tef, da na'urar matse hannu, da tashi daga kujera sau 5 ba dafawa.

Don Allah kar a hana shi abinci mai gina jiki. Mu an ce giram 1.2 zuwa 1.5 a kowane kilo na nauyinsa kullum, ban da nauyin ruwan. Alale, awara, ƙwai, kifi, fura da nono mai tsabta. Gishiri da magi ne abin ragewa. Kuma kar ya kwana da yunwa, ko kunun gyaɗa ne ki ba shi kafin barci, don hantarsa ba ta da ajiya, cikin dare jikin naman kansa yake ci. Azumi kuwa sai da izinin likita. Ya riƙa ɗan takawa, ko zuwa masallacin unguwa ne.

Af, an gwada yaran? In ciwon hantar nau'in B ne (hepatitis B) a gwada ku duka, marasa shi a yi musu rigakafi, maigidan kuma in an ɗora shi kan tenofovir, maganin nau'in B ɗin, kar ya daina sha ko da ya ji sauƙi. Namu yanzu yana tashi da kansa, Alhamdu lillahi, Allah ya ba naki lafiya. In dangi suka zo da jarka, ki karɓa ki yi godiya, suna fita ki tuttular.