Amsa: baƙin rami na hana a haifi taurari?

Malam, ka tambaya ko baƙin ramin da ke tsakiyar gungun taurari (wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuta) yana cinye gungun nasa ne. A'a. Abin da yake haɗiyewa kaɗan ne. Tasirinsa yana cikin abin da yake fesowa.

Cikin cibiyoyin gungu da baƙin raminsu ke kan haɗiyar gas, kusan ɗaya cikin goma ne ke da ƙarfin igiyar rediyo, kuma yawancinsu a manyan gungu masu siffar ƙwai suke. Suna harbo siririn feshi ta ɓangarori biyu da gudun da ya kusa na haske. Dubi gungun M87: tun 1918 masanin taurari Heber Curtis ya hango nasa feshin, ramin kuwa ya kai nauyin rana sau biliyan 6.5.

To ga inda gizo ke saƙar. Tauraro ba ya samuwa sai iskar gas ta huce ta dunƙule. Feshin nan yana kutsawa cikin gas mai zafi da ke kewaye da gungun, ya hura manyan kumfa, ya hana shi hucewa. Na'urar hangen sararin samaniya ta Chandra ta ɗauko irin waɗannan kumfa ƙarara a kewayen gungun NGC 1275 da ke cikin rukunin gungu na Perseus. Gas ya fara hucewa, ya gangara ya ciyar da ramin, feshi ya ƙaru, ya sake ɗumama shi. Haka suke ta yi.

Amma ni ba na son a ce "kashe" haihuwar taurari kawai feshin ke yi. A gungun Centaurus A, inda feshin ya matse gas mai sanyi, an ga sababbin taurari a kan hanyarsa.