Tambayoyin Masu Karatu: Tsohuwar Marsandi Mai Kwana a Durƙushe

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Marsandi E500 ƙirar 2004, wadda na saya shekara huɗu da suka wuce. Kimanin wata biyu ke nan duk safiya ina tarar da bayanta ya sauka ta ɓangaren hagu har taya ta kusa shigewa cikin jiki, sai na tayar da ita na jira kafin ta miƙe. Allurar zafi kuma tana hawa idan na shiga cunkoson Titin Zariya da rana. Makanikina ya ce a cire iskar gaba ɗaya a sa sifirin na ƙarfe, a kuma cire tamostat, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. In amince ne, ko in sayar da motar in huta? Daga wani mai karatu a Hotoro.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban ga dalilin sayar da motar a kan waɗannan matsaloli biyu ba, domin injin V8 da ke cikinta yana daga cikin masu juriya da kamfanin ya ƙera, amma kada ka yarda a cire komai kafin a gano ainihin inda ciwon yake.

Motarka tana zaune ne a kan tsarin da ake kira Airmatic. A maimakon sifirin na ƙarfe, kowace ƙafa tana da jakar roba mai ƙarfi wadda wani ƙaramin famfo yake hura wa iska, kwamfutar motar kuma tana lura da tsayin jikin. Robar da ta haura shekara ashirin, ta sha zafin Kano da ƙurar hunturu da ramukan hanya, dole ta fara tsattsagewa a wurin da take naɗewa. Da dare iska takan zurare ta waɗannan ƙananan tsagogi, shi ya sa kake tarar da ita a durƙushe. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne watanni biyun nan, saboda famfon an yi shi ne ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta, kuma idan jaka tana yoyo ba ya samun hutu har sai ya ƙone. Mai motar da ya yi jinkiri yakan wayi gari da kuɗin famfo a kan kuɗin jaka.

Akwai gwajin da za ka iya yi a gida. Da yamma ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka sa awo daga ƙasa zuwa bakin jikin da ke saman kowace taya, ka rubuta, da safe ka sake aunawa kafin ka buɗe ƙofa. A gareji kuma a fesa ruwan sabulu a jikin jakar da mahaɗin ƙananan bututun iska. Inda kumfa ya riƙa tasowa yana fashewa, nan ne yoyon. Wani lokaci jakar lafiyarta ƙalau, bututu ne ko akwatin rarraba iska yake zubarwa, kuma gyaransa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan jakar ce, a canza na baya duka biyun tare, domin sa'annin juna ne. Za ka samu 'yan Beljiyam a Ƙofar Ruwa, sai dai ka tuna cewa ita ma jakar da aka ciro daga wata motar ta yi shekarunta, don haka na fi son sabuwa ga wanda yake da hali.

Mayar da ita kan sifirin na ƙarfe ba laifi ba ne idan aljihu ya gaza, matuƙar an sa cikakken saitin da aka ƙera don wannan motar, tare da na'urar da ke hana kwamfuta nuna gargaɗi. Amma za ka rasa laushin tafiyar da ya sa ka saye ta tun farko. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a ɗauko sifirin na wata motar a yanke a cusa.

Batun tamostat kuwa, a nan na saɓa da makanikinka. Aikinsa shi ne ya sa inji ya kai zafin da aka tsara masa, wajen digiri 90, ya kuma tsaya a nan. Idan aka cire shi, da safiyar hunturu inji zai daɗe bai yi ɗumi ba, kwamfuta ta riƙa ƙara masa fetur, ga tsadar mai tun bayan cire tallafi a 2023, sannan musabbabin zafin yana nan ba a taɓa shi ba. A duba tsakanin lagireto da na'urar sanyaya iska da ke gabansa, domin na sha ganin an ciro ƙura da guntayen leda da suka daskare a wurin kamar tabarma. A duba fanka da famfon ruwa da murfin tankin ruwa. Idan ruwan rijiya ko na burtsatse ake zuba mata, gishirinsa yana toshe lagireto daga ciki, sai a wanke a koma ruwan sanyaya inji na ainihi.

Ga wani abu da ba ka tambaya ba, amma ya shafi rai. Wannan ƙirar, kafin kamfanin ya sabunta ta a 2006, tana da birki mai aiki da famfon lantarki da ake kira SBC. Idan gargaɗin birki ya fito da jan rubutu, ka tsaya, kada ka ce bari ka ƙarasa gida. A canza man birki duk shekara biyu, a kula da ƙaramin batir na biyu da ke wajen inji, kuma kada wanda bai san tsarin ba ya canza takalmin birki, domin dole a kashe famfon tukuna, in ba haka ba buɗe ƙofa kaɗai yana iya sa birkin ya matse yatsun mai gyara.

Tambaya: Malam, Lexus RX 330 ce da ni, ƙirar 2005, daga Amurka aka kawo ta. Ban san ko an taɓa canza bel ɗin da ke cikin inji ba, kuma lafiya lau take tafiya. Wane baƙin mai ya dace da ita? Daga wata Hajiya a Gwale.

Amsa: Hajiya, wannan bel, wato taimin bel mai daidaita motsin sassan cikin inji, ba ya yin sallama kafin ya tsinke. Ana canza shi ne duk mil 90,000, wato kimanin kilomita 145,000, kuma ki lura cewa agogon motar Amurka da mil yake ƙirga. Tunda babu takardar da ta nuna an taɓa canzawa, ki ɗauka ba a canza ba, ki sa a yi shi tare da famfon ruwa, domin buɗewa ɗaya ce. Baƙin man da aka tsara mata 5W-30 ne, ba mai kaurin 20W-50 da aka saba zuba wa kowace mota ba. Ki tsaya a buɗe galan ɗin a gabanki, a kuma canza matatar mai a lokaci guda.